Hannun Maman Kyauta

Ranar da likita ta gaya wa Ayuba cewa ƙodarsa ta fara gajiya, bai ji komai ba. Ba tsoro, ba baƙin ciki. Yana zaune kan kujerar roba, damtsensa ɗaure da abin awon jini, yana kallon fankar da ke sama tana juyawa da ƙyar. Matarsa Lidiya ce ta yi jin a madadinsa. Ita ta matso da kujera, ita ta yi tambayoyin da ya kamata a ce shi ya yi.

Ciwon suga ya daɗe a jikinsa har sun saba da juna. Tafin ƙafarsa ma ya daina gaya masa ko ƙasa na da zafi ko sanyi. Hawan jini ne sabon baƙo. Likitar, wata matashiya mai magana a hankali, ta ce idan biyun nan suka haɗu a jiki ɗaya ƙoda suke fara ci, kuma kumfar da yake gani a fitsarinsa shaida ce cewa sun fara. Ta rubuta masa ƙwayar da zai riƙa sha kullum da safe, ta ce tana sauke jini tana kuma kare ƙoda. Sai ta ajiye biro ta dube su duka biyun.

"Amma Baba, maganin nan ba ya aiki shi kaɗai. In kuna shan sa kuna kuma cin gishiri yadda kuka saba, tufka da warwara za a yi ta yi. Mama, ku ne da tukunya ko?"

"Ni ce," in ji Lidiya.

"To rabin maganin yana hannunku. A rage gishiri, ragi na gaske. Dunƙulen miya ma gishiri ne, kada a cire wannan a ninka wancan. In jinin ya sauka, ƙodar nan za ta raka shi tsufa. In bai sauka ba, wata rana za mu yi maganar wankin ƙoda, ni kuma ba na son mu kai nan."

Lidiya ta karɓi maganar da hannu biyu. A cikin adaidaita, kan hanyarsu ta komawa Panshekara, sai lissafa abin da za ta daina da abin da za ta fara take yi. Ayuba na ce mata "to", idonsa na kan kwatar da ke bin gefen titi, inda ruwan kamfanoni ke gudu shuɗi.

Abin dariyar, in akwai abin dariya a ciki, shi ne gishiri sana'ar Ayuba ce. A wani kamfanin fata yake aiki a Challawa, ɓangaren manyan gangunan da ake juya fatu a ciki. Shi ke farke buhun gishiri ya juye, daga safe har yamma. Gishiri na cikin farcensa, yana cikin kalmasar wandonsa, yana kan girarsa. Amma ba wannan ba ne damuwar Ayuba. Damuwarsa tana bayan sito, a inuwar tankin ruwa.

A can ne, idan jiniyar hutun rana ta yi kuka aka yi alwala aka yi sallah, mutum huɗu ke haɗuwa kan wata tsohuwar tabarma. Kowa da kular abincinsa daga gida, amma ba mai cin tasa shi kaɗai. A buɗe ta farko a sa a tsakiya, kowa ya sa hannu har a ga gindinta, sannan a jawo ta biyu. Ciyayya ce irin ta ƙofar gida a ƙauye, suka ɗauko ta suka kawo cikin warin fata. Akwai Malam Lawal, mutumin Kura, babbansu, mai kula da injin matse fatu. Akwai Ɗayyabu ɗan Ringim, wanda bakinsa ya fi son ci da magana. Akwai Ya'u, Badamagaren da ya baro iyalinsa a Nijar, don haka gudummawarsa kullum ɗanwake ne daga bakin get, da ƙullin yaji, da surutu. Na huɗun shi ne Ayuba.

Bai sami wurin nan a arha ba. Farkon zuwansa daga Zonkwa shekaru ya yi yana cin abincinsa shi kaɗai, kan wani bulo, daidai inda zai ji hirarsu amma ba zai sa baki ba. Ba wanda ya kore shi, ba kuma wanda ya kira shi. Kowa ya san abin da ba a faɗa: kwanon gidan Kirista ne, wa ya yanka naman, me aka dafa a tukunyar jiya. Lidiya ce ta karya abin. Ta sayi sabuwar tukunya, ta kama mahauci ɗaya a kasuwa wanda Malam Lawal ya sani, ta sa mijinta ya ambaci sunan mahaucin kamar cikin hira. Wata rana ta yi faten acca da yakuwa da gauta, ƙamshi ya tsallaka daga bulo zuwa tabarma. Malam Lawal ya ɗago kai.

"Kai Bazazzagi, rowa ce ko tsoro? Kawo kwanon nan ubangidanka ya duba maka shi."

Wasan Kanawa da Zage-zagi ne ya shigar da shi, girkin Lidiya ya zaunar da shi. Tun daga ranar kularsa ake ajiyewa ta ƙarshe, don ba a son cin wani abu a bayanta. "Hannun Maman Kyauta" suke ce wa abincin, da sunan 'yarsu ta fari, kuma Ya'u ba ya gama cinsa sai ya yi santin da za a kwana biyu ana tsokanarsa da shi. A duk faɗin Kano, in ka cire ɗakinsa da cocinsu, tabarmar nan ce kaɗai wurin da in Ayuba bai zo ba za a tambaya ko lafiya.

Washegarin asibiti Lidiya ta yi tuwon acca da miyar ɗanyar kuɓewa, ba dunƙule ko ɗaya, gishiri kuwa sai ɗan abin da ya manne a yatsa. Da rana aka ci dambun gidan Ɗayyabu, aka ci tuwon gidan Malam Lawal, aka ci ɗanwaken Ya'u da yajinsa mai tsuke harshe. Ayuba ya ci tare da su, domin hannunsa ya riga tunaninsa shiga kwano. Sai aka jawo ta ƙarshe.

Ya'u ya kai loma, ya tauna, ya dakata.

"Ayuba, me ka yi wa Maman Kyauta?"

"Me ka gani?"

"Mace ba ta manta gishiri a banza. Ko dai fushi take, ko kuma Kyauta za ta sami ƙane da tsufanku."

Aka yi dariya, har da Ɗayyabu. Malam Lawal ya ce a ci, ba a raina abinci, amma shi kansa loma kaɗan ya yi ya wanke hannu ya ce ya ƙoshi. Karon farko ke nan da kular ta rage. Ayuba ya juye ragowar a shara kafin ya fita get.

A nan ya kamata ya faɗa. Magana ce gajera: likita ta hana ni gishiri. Da sun yi masa sannu, da Malam Lawal ya kawo masa labarin wani ganye. Amma Ayuba ya hango abin da ke bayan sannun. Wanda aka hana gishiri ba ya sa hannu a dambun Ɗayyabu, ba ya taɓa ɗanwaken Ya'u, kuma ba za a ce matan mutane su lalata girkinsu saboda shi ba. Zai buɗe kularsa, su buɗe nasu. Yau a tabarma ɗaya, gobe ya ɗan matsa don kada ya takura musu, jibi ga bulonsa na da yana nan inda ya bar shi. Ga kuma ɗan kwangilar da ke ɗaukar ma'aikata, wanda daga ofis yake jin tarin mutum ya ce masa ya je ya huta za a neme shi. Ayuba ya auna, ya yi shiru. Ciki dai ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Kashegari, dab da hutu, ya farke sabon buhu kamar kullum. Gishirin fari tas, mai manyan tsaki. Ya ɗebi kaɗan a tafin hannu, ya zaga bayan ganga inda suke rataye kaya, ya murƙushe shi da gindin cokali, ya buɗe kular, ya barbaɗa, ya juya. Ran nan ya yi yawa, aka sha ruwa sosai. Ranar da ta biyo ya yi kaɗan. Kafin mako ya zagayo yatsunsa uku sun gane ma'aunin. Ya kuma gane cewa gishiri kaɗai ba ya dawo da miya, sai ya riƙa ƙarawa da dunƙule daga mai teburin bakin get. Ya'u ya koma santinsa, ya ce ashe an shirya a gida, Allah ya ƙara zaman lafiya.

A gida Lidiya ta tambaye shi tana wanke kular.

"Baban Kyauta, ka gaya musu?"

"Na gaya musu."

"Suka ce me?"

"Suka ce Allah ya sawwaƙe. Nawa kawai nake ci yanzu. Su ne ma ke taya ni."

"Har suna iya ci?"

"Ba ga kular a hannunki ba."

Ta dube ta, wayam har gindi. Daɗi ya kama ta, ta ce mutanen nan 'yan halak ne.

Ita Lidiya ba ta iya rabin abu ba. Ta ce ba za a yi tukunyar mara lafiya daban a gidanta ba, abin da maigida zai ci shi kowa zai ci. Kyauta, wadda ke koyon ɗinki, ta yi ƙunƙuni har ta gaji ta koma sayen awara a hanya. Uwar ba ta kula ba. Ta shiga neman ɗanɗano a wuraren da ba ta taɓa nema ba: citta, tafarnuwa, daddawa ta ƙwarai, albasar da aka soya har ta yi ja, lemon tsami kan kifi. Ta rame kaɗan, don ita ma abincin bai shiga mata ba da farko. Kullum da safe ita ke ɓallo ƙwayar ta miƙa masa da kofin ruwa. Maganin kam Ayuba bai taɓa tsallakewa ba, kuma da wannan yake lallashin kansa.

Da suka koma asibiti likita ta auna jinin, ta sake aunawa a ɗaya hannun. Ta danna masa ƙwauri da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi dawowa.

"Baba, kuna shan maganin?"

"Ni ke ba shi da hannuna," in ji Lidiya.

"Abincin waje fa?"

"Daga gida yake tafiya da nasa."

Likitar ta juya ga Lidiya. "To Mama, ku yi haƙuri, amma ku gaya min gaskiya. Wani lokaci tausayi ke sa a ɗan barbaɗa. Na ga irin haka da yawa."

Maganar ta soki Lidiya. Mace ce da ko a zumuntar matan cocinsu ba a taɓa kama ta da ƙarya ba.

"Likita, abin da yake ci shi nake ci," ta ce.

Likitar ta ce ta yarda, da irin muryar wanda bai yarda ba, ta ƙara masa wata ƙwayar a kan ta farko.

Ayuba na zaune tsakaninsu, ya ji duk abin da aka ce. Ya san magana ɗaya daga bakinsa za ta wanke matarsa. Ya jira ya ji kunya ta taso masa ta turo maganar waje. Ba ta taso ba. Zuciyarsa ta zama irin tafin ƙafarsa: ya san ya taka abu, amma zafin bai iso ba.

Tun da Lidiya ba ta zargi mijinta ba, sai ta zargi kanta. Ta kwashe ragowar gishirin gidan kaf ta ba maƙwabciya. Ta daina sayen busasshen kifi don ta ji an ce da gishiri ake shanya shi. Ta kori burodi. Ta canza mai daddawa. Wata safiya ya fito ya same ta tsugune bakin rijiya, ta ɗebi ruwa a tafin hannu tana ɗanɗanawa, ido a rufe, wai ko gishirin kamfanoni ne ya biyo ta ƙarƙashin ƙasa ya shigo musu gida. Tun daga ranar nan, da ruwan leda take dafa masa abinci. Ya tsaya ya kalle ta na ɗan lokaci, ya ce zai makara, ya tafi.

Sai azumi ya kama. Aka naɗe tabarma aka jingine ta a sito. Kamar kowace shekara, Ayuba ya koma cin abincinsa a ɓoye bayan ganga don kada ya ci a gaban masu azumi. Ranar farko ya ɗebi gishirin bisa sabo, ya tsaya da shi a hannu. Ba wanda zai zuba wa. Ya mayar da shi buhu, ya ci abincin yadda aka dafa shi. Lami ya ji shi, kamar yana taunar tsumma. Amma kafin tsakiyar wata harshensa ya fara farkawa. Ya ji cittar, ya ji tsamin yakuwa, ya ji zaƙin albasar da matarsa ke tsayawa a kai da asuba. Ashe duk wannan na ciki. Takalmin aikinsa ya daina matse shi. Ciwon da ke zaune a ƙeyarsa ya tashi ba sallama.

Ranar asibitinsu ta faɗo cikin goman ƙarshe. Likitar ta auna, ta yi murmushin da ba su taɓa gani ba.

"Mama, me kuka canza?"

"Ruwan rijiya na daina."

Likitar ta ce ba ta san wannan ba, amma ko mene ne a riƙe shi. Ran Lahadi Lidiya ta miƙe a coci ta ba da shaida, ta ta da waƙar godiya, mata suka amsa. Ayuba ya yi tafi tare da kowa. Yanzu ba maganar likita ba ce kuma. Ya gwada a jikinsa ya gani, ya san abin da ke kashe shi da abin da ke raya shi, ya san kuma inda kowanne yake ajiye.

Ranar da aka dawo aiki bayan sallah, tun a hanya ya shirya maganar. Zai ce, Malam, akwai abin da na ɓoye muku. Ya maimaita ta har ta zauna masa a baki. Da jiniya ta yi kuka ya ɗauki kularsa ya tsaya bayan ganga, buhu a buɗe kusa da gwiwarsa. Daga can yana jin su suna shimfiɗa tabarma. Ya'u ya dawo daga Damagaram da kilishi da cuku, yana rantsuwa cewa ba azumi ne ya ramar da shi ba, rashin hannun Maman Kyauta ne. Sai muryar Malam Lawal ta taso.

"Bazazzagi, ina ka shiga? An ajiye maka wurinka, ko sai an aiko maka da doki?"

Ayuba ya sa yatsunsa uku cikin buhun. Wani zai ce sabo turken wawa, amma wannan ba sabo ba ne. Ya sani, ya zaɓa, kuma zaɓin bai yi masa nauyi ba. Ya barbaɗa, ya juya, ya rufe kular ya fita wurinsu.

Damina ta wuce, wata ta zo. Jinin ya koma inda yake, ya ma wuce. Aka canza magani, aka ƙara, Lidiya ta rasa abin da za ta sake cirewa daga tukunya. Ayuba ya fara tashi da tashin zuciya, fuskarsa a kumbure, jikinsa na ƙaiƙayi. Buhun da yake sungumewa da hannu ɗaya sai ya ja shi a ƙasa, Ɗayyabu ya riƙa zuwa yana kama masa. A tabarma loma kaɗan yake yi ya zame hannu, su kuma suka ɗora laifin kan warin sinadaran kamfani, wanda dama shi ake ɗora wa komai. Wata rana ya zauna kan buhu don ya huta, ya kasa tashi. Su uku suka ɗauke shi zuwa bakin titi.

Aka kwantar da shi, aka ɗebi jini, aka sake ɗiba. Likitar ta zo ta tsaya gefen gado, ta ce lokacin maganar nan da ba ta so ya yi, sai an fara wankin ƙoda. Wannan karon Lidiya ba ta yi tambaya ko ɗaya ba.

"Likita, na yi duk abin da kuka ce."

"Na sani, Mama. Na yarda da ku. Wani lokaci ciwon ne ke fin ƙarfinmu."

Ayuba ya ji an wanke matarsa ba da bakinsa ba, an ɗora wa ƙaddara. Ya rufe ido. Ko sauƙi bai ji ba.

Ran Lahadi bayan la'asar, an sallamo shi yana gida, abokansa suka zo dubiya. Aka shimfiɗa musu tabarma a tsakar gida. Ayuba na kan kujera, ƙafafunsa a kumbure kan wani ɗan benci. Lidiya ta ji daɗin zuwansu fiye da yadda ta ji daɗin komai tun da aka sallamo shi. A wurinta mutanen nan ne suka jure abinci lami rana bayan rana don su taya mijinta, kuma ba ta taɓa samun damar gode musu ba. Ta ce ba za su tafi ba sai sun ci abinci, ta ɗora faten acca.

Ayuba ya ga inda abin ya nufa tun daga ƙamshin yakuwar. Yana iya cewa ta bari sun ƙoshi. Yana iya kiran Malam Lawal gefe. Ya zauna yana kallon hayaƙin murhu. Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi.

Ta kawo faten a babban kwano ta ajiye a tsakiyarsu da cokula, ta durƙusa gefe.

"Malam, ban taɓa yi muku godiya ba. Ba kowa ne zai jure abincin gidan nan saboda abokinsa ba."

"Mu ne da godiya, Maman Kyauta," in ji Malam Lawal. "Wace juriya kuma a cin daɗi?"

Ya'u ne ya fara kai cokali baki. Ya tauna, ya dubi kwanon, ya dube ta da tausayi.

"Allah sarki. Hankalinki ba ya jikinki, kuma ba laifinki ba ne, jinya ba wasa ba ce. Yau an manta gishiri."

"Ba a manta ba, Malam Ya'u. Yadda kuka saba ci ne."

"A'a, wanda muka saba ci daban ne." Ya yi 'yar dariya. "Ai ke kika lalata mana baki. Gishiri daidai, dunƙule daidai, kullum kamar an auna a sikeli. Sau ɗaya tak na san kin manta, shi ma an daɗe."

Lidiya ta amsa a hankali.

"Tun da likita ta hana shi, dunƙule bai sake shiga tukunyata ba. Gishiri kuwa ko na magani babu a gidan nan."

Cokalin Malam Lawal ya tsaya a hanya. Ya mayar da shi cikin kwano.

"Hana shi aka yi?" Ya juya ga Ayuba. "Hana ka aka yi, kake zaune kana cin namu?"

Ɗayyabu ya sunkuyar da kai. Ya'u ya dubi wannan ya dubi wancan, dariyar na bushewa a fuskarsa.

Lidiya ta dubi mijinta. Ba harara ba ce, ba kuma hawaye. Kallo ne mai tsawo, irin wanda ake yi wa mutumin da ake ƙoƙarin tuna inda aka san shi. Ayuba ya riƙe kallon. Ya sake jira ko wani abu zai taso masa, kuka, ko roƙon gafara, ko da ƙarya ce. Sai ƙarar injin niƙa yake ji daga bayan layi.

Ta miƙe ta gyara ɗaurin zaninta ta fita. Suka ji ta tana sallama a gidan maƙwabta, tana gaisawa da muryarta ta kullum, har da tambayar yara. Ta dawo da gishiri a murfin kwalba. Ba gaban baƙin ta ajiye ba. Ta ɗora shi kan bencin da ƙafar Ayuba take, ta jawo kwanon faten zuwa gabansa.

"Baban Kyauta, baƙinka ba za su tashi da yunwa ba. Kai ka san yadda suke so. Zuba musu."

"A bar shi, Maman Kyauta," in ji Malam Lawal. "Don Allah a bar shi. Haka ma za mu ci."

"Malam, ku bar shi ya zuba. Ina so in ga hannun da ake yabo."

Ayuba ya sauke ƙafafunsa da ƙyar, ya sunkuya. Ya sa yatsu uku cikin murfin, ya ɗiba, ya barbaɗa a kan faten daga gefe zuwa tsakiya. Ya dubi girman kwanon, ya ƙara rabin haka. Ya ɗauki cokali ya juya har ƙasa.

Lidiya ta karɓi cokalin daga hannunsa. Ta ɗebi faten kaɗan ta sa a baki, ta riƙe shi kan harshe, ta haɗiye.

"Ya yi daidai," ta ce.

Ta ajiye cokalin a bakin kwano ta shiga ɗaki ta saki labule. Su huɗu suka zauna kewaye da kwanon. Faten ya huce a gabansu, ba wanda ya sa hannu.